Zanen Iya Abu a Kan Rufin Filawud

Duk abin da zan manta a sana'ar nan ta kafinta, ban da wata Laraba ta tsakiyar damina, shekaru kaɗan da suka wuce. Ku da kuke cewa Malam Sada ya cika faɗa in ya ga an bar farin yadi tsirara a jikin aiki, ku gyara zama, yau za ku ji mafarin abin.

Akwai wani malamin dabbobi nan Ƙanƙara, Malam Bishir, wanda aikinsa ke kai shi kasuwanni da rugage har ƙasar Faskari da Sabuwa. Kun san yadda hanyoyinmu suka koma: garin da la'asar ta same ka, nan za ka kwana. Ya gaji da kwanan rumfar kasuwa da cizon sauro, sai ya zo shagona da hoto a wayarsa. Wani ɗan ɗaki ne a kan taya biyu, tsawon katifa da 'yan kai, mota tana jan shi. Ya ce irinsa yake so. Na ce, "Malam, in dai katako ne, ai an zo gidan."

Mai walda ya haɗa mana gindin da ƙafafun bayan wata matacciyar mota, ni kuma na tayar da bango da rufi da filawud. To, filawud ba ya ga maciji da ruwa. Damina ɗaya ta ishe shi ya kumbura, ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa. Kwano kuma nauyi gare shi, ga zafi, ga ƙara. Saboda haka muka tsaya a kan yadi da fenti.

Bari in faɗi yadda ake yi saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. Za ka goge katakon da samfefa, ka kashe kaifin kusurwoyi, don kaifi yana yanka yadi. Ka wanke yadin auduga tas, ba don dauɗa ba, don sitacin kamfani ya fita, ya kuma gama tsukewarsa tun bai hau aiki ba. Ka shafa farin gam, ka shimfiɗa yadin, kana korar iska daga tsakiya zuwa baki. Bango ake fara rufewa, na rufi ya sauko ya hau kansa, yadda ruwa zai gangara bai sami bakin shiga ba. Sannan fenti mai mai: hannun farko, wato shafawar farko, a tsinke shi da kananzir yadda zare zai sha ya ƙoshi, sauran hannuwan su biyo baya har saƙar ta ɓace. Kowane hannu sai ya bushe kafin na gaba. Aikin ba na mai gaggawa ba ne.

Yadin da na saya alawayyo ne, don shi ne auduga zalla, ga sauƙin kuɗi. Fentin shimfiɗar ma fari ne. Ranar Talata na yi hannun farko, saura uku ko huɗu.

Laraba, ina dawowa daga sallar asuba, na tarar da Malam Bishir tsaye a ƙofar shago, motarsa ko kashewa bai yi ba. Ya ce mutanen daji sun aiko wa ƙauyensu, can bayan Sabuwa, cewa kowa ya tashi. Tun jiya ake ta fita. Mahaifinsa, Baba Mati, ɓarin jikinsa ya shanye tun bara, ba ya iya zama sai kwanciya, ga ciwon ƙirji da bai daɗe da farfaɗowa daga shi ba. Likita ya ce sanyi ko ruwa ya sake taɓa shi, to sai dai wani ikon Allah. Motar Malam Bishir ƙarama ce, ba wurin shimfiɗe mutum. An nemi babbar motar da za ta shiga ƙauyen, ba direban da ya yarda.

Na ce, "Malam, ɗakin nan bai gamu ba. Hannu ɗaya gare shi. Yayyafi zai iya, amma ruwan Agusta? Ban ɗaukar maka alkawari."

Ya ce, "Malam Sada, in bar tsohon can, ko in sa shi a wanda bai gamu ba? Zaɓar mani."

Na jefa katifa ciki, na ɗaure leda a kan rufin, na ɗauki ragowar farin fentin da buroshi biyu, ko wani wuri zai buɗe a hanya. Na shiga gaba muka tafi. Ledar nan ko Yankara ba mu kai ba iska ta yayyage ta, muna kallo ta madubi tana bin gonakin mutane.

Rana ta take tsaka muka shiga ƙauyen. Ban taɓa jin shirun gari irin wannan ba. Ga dawa ta yi kore shar, ga kaji suna kiwo, amma gidajen duk an ja ƙyaure. 'Yan tsirarun da suka rage suna ɗaure kaya a kan babura. Iya Abu, mahaifiyar Malam Bishir, ta riga ta ƙulle nata. Muka ɗauko Baba Mati a kan tabarma, mu huɗu, ni da Malam Bishir da maƙwabta biyu, muka fito da shi ta zaure.

Yana ɗora ido a kan ɗakin, sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Ya ce, "Ku aje ni."

Muka ajiye shi a inuwar zaure. Ya daɗe yana kallon abin, sannan ya dubi ɗansa.

"Bishir, wanga mi ne ne?"

"Ɗaki ne, Baba. Ciki za ka kwanta, akwai katifa."

"Alawayyo ne jikinshi ko ba shi ba ne?"

Malam Bishir ya waiwayo ya dube ni. Wallahi sai a lokacin na kalli ɗakin da idon tsohon. Akwati dogo daidai tsawon mutum, an naɗe shi da farin likkafani kaf, an buɗe ƙofar baya ana jiran a zura shi. Ni da na yi sati biyu a kansa, zare da gam kawai nake gani.

Baba Mati ya ce, "Na yi wa mutanen garin nan sutura ba iyaka, na san yadin nan ko a duhu. Da raina za ku naɗe ni? Ku maida ni ɗakina. In su suka zo, su same ni bisa gadona."

Malam Bishir ya durƙusa, ya yi roƙo, ya yi bayani, har ya kawo cewa camfi ba kyau. Tsoho ya ce shi ba camfi yake ba, ƙi ya yi. Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce a ɗauke shi kawai a sa, ai ba zai iya tashi ba. Malam Bishir ya ce ba zai ɗauki ubansa kamar buhu yana kuka ba. Ni kuwa idona yana gabas, inda hadari ya fara haɗowa baƙi ƙirin. Maƙwabtan nan suka ce su fa za su wuce, suka tayar da baburansu. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don ni ma ina da 'ya'ya a Ƙanƙara.

Iya Abu ce ta matso kusa da ni. Ta ce, "Ɗan nan, ba ka da wani fenti ka sauya mashi kama?"

Na ce, "Iya, fari ne kawai a hannuna. Sai dai in da wani yadi mai launi, in shafa fentin, in manna shi a kai tun yana ɗanye. Zai rufe farin, ya kuma ƙara tare ruwa."

Ta kwance ƙunshinta, ta zaro sabbin atamfofi biyu, ko ɗinki ba a yi masu ba. Na murza su a hannu, suna ƙyalli suna ƙara. Na ce, "Iya, waɗannan ba za su sha fenti ba, sitaci ya toshe su, iska za ta kwashe su. Sai tsofaffi, waɗanda suka sha wanki suka yi laushi."

Kun san abin da na roƙa kuwa? Zannuwan ɗaurawarta na cikin gida, waɗanda ko shanya ba a yi masu inda baƙo zai gani, su nake so ta ba ni in baza a kan mota, mu ratsa ƙananan hukumomi uku da su. Na ji kunyar bakina. Ta dubi mijinta, ta dubi hadarin, ta sunkuya ta tono su daga ƙasan ƙunshin, ta miƙo mani ba ta kalle ni ba.

Ban taɓa aiki da sauri irin na ranar ba. Ni ina shafa fenti, Malam Bishir yana shimfiɗawa, Iya Abu tana bi da tafin hannu tana korar iska kamar mai lailaya tuwo. Bango muka fara rufewa duk da gaggawar, sannan rufi. Na ajiye mafi faɗinsu don saman, wani shuɗi mai zanen ganye da ya koɗe, na sauko da bakinsa ya hau na bangon.

Muna cikin jan shi sai muka ji tsoho ya yi magana daga zaure.

"Abu, wancan ba zanen sunan Bishir ba ne?"

Ta ce, "Shi ne, Malam."

"Har yanzu yana nan? Awakina biyu suka tafi a kanshi."

"Ɗaya ce, ita ma gurguwa."

Sai ga Baba Mati yana dariya da rabin bakinsa, hawaye na bin kuncinsa. Ya ce, "To, in ƙarƙashin zanen Abu ne, ku sa ni."

Ni na shiga ciki tare da shi, na tsuguna wajen kansa, Iya Abu ta zauna gaba. Ba mu yi nisa da hawa kwalta ba ruwa ya tsuge, irin wanda ko gaban mota ba ka gani. Fentin ko awa biyu bai yi ba. Kuma wurin da ya same mu daji ne da ba a tsayawa, ko taya ta fashe sai dai ka tafi a kan ƙarfe. Ruwa yana dukan rufin kamar ana sussuka. Na ɗaga hannu ina shafa katakon daga ciki, kusurwa zuwa kusurwa, ina salati. A kusurwar gaba ta dama, daidai saman kan tsohon, na ji sanyi, sannan danshi. Na cire hulata na danna a wurin, na karkata jikina na rufe fuskarsa.

Ya ce, "Kafinta, yana zuba?"

Na ce, "Yana sallama dai, Baba, ban ba shi izinin shiga ba."

Haka na riƙe hular nan har muka wuce ƙasar Faskari, hannuna ya mutu murus. Hular ta jiƙe, amma ko ɗigo bai sauka a kansa ba. Da na duba daga baya, wurin da iska ta ɗage bakin zanen ne kaɗai ya yi danshi. Duk inda zanen Iya Abu ya kwanta, katakon a bushe yake ƙayau. Ana kiran magariba muka shiga Ƙanƙara, mutane suna leƙen wannan abu mai zannuwa, Iya Abu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Baba Mati ya ga kaka, ya ci sabuwar dawa a gidan ɗansa, sannan Allah ya karɓi abinsa a kan gado, iyalinsa kewaye da shi. Ina cikin waɗanda suka yi masa sutura. Farin da ya ƙi shiga da ransa, ya shige shi a lokacinsa.

Bayan an share makoki Malam Bishir ya dawo da ɗakin in ƙarasa. Na tambaye shi launin da yake so. Ya ce Iya ta ce kada a rufe shuɗin. Sai na bi shi da banish, man nan mai sheƙi da ba ya ɓoye launi, hannu-hannu har ya toshe, ganyen yana nan ana gani. Har yau yana yawo da shi, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka yakan kawo in ƙara masa hannu.

To, abin da na koya ke nan. Ruwa ta gaɓa yake shiga, wannan kowane kafinta ya sani, kuma tsohon yadi ya fi sabo shan fenti. Amma ni na auna tsawo, na auna faɗi, na lissafa gangarar ruwa, ban tsaya na kalli aikin da idon wanda zai kwanta a ciki ba, har sai da ya kusa sa mu kwana a bakin mutuwa. Shi ya sa ko hannun farko ne nake sa ku ɗiga shuɗi a cikin fentin. Malam Bishir ya ce in an ajiye ɗakin a ƙofar gida, Iya Abu takan fito da yamma da kujerarta 'yar tsugunno, ta zauna a inuwarsa, ita da a da ko kallonsa ba ta iya yi don kunya.