Inda Inna Hajo Take Yanke Waƙa

Wata Laraba, a daminar da na shiga aji biyu na sakandare a Gwandu, malamin Hausa ya ce kowa ya samo waƙa daga bakin tsofaffin gidansu, ya fito da jigonta da tsarin baitocinta da halin da mawaƙin yake ciki. Ban sha wahala ba, domin na haddace wadda kakata Inna Hajo take rerawa a Kalgo duk hutun da aka kai ni, tana surfen gero, ni kuma ina korar kaji daga shanya. Waƙa ce ta bawan da ke roƙon Allah Ya ba shi kunnen jin kiranSa.

Na rubuta cewa ƙwar biyar ce, mawaƙin kuma cike yake da farin ciki. Malam ya rera ta a hankali yana buga tebur da yatsa, sai ya tsaya. Ya nuna mini ɗangon ƙarshe na kowane baiti bai kai sauran tsawo ba, kamar mai magana ya yi shiru yana jiran amsa. Ya ce shi bai ji farin ciki ba, in je in tambayo.

Da hutu ya zo, na tarar da Inna a tsakar gida tana gyaran zogale. Na tsaya a bayanta na yi tambayata har sau uku, ba ta juyo ba. Kawu Sani, da ke ɗaure awaki, ya ce in zagaya gabanta, ai bakin mutum take kallo. Sanƙarau ya tafi da jinta tun mahaifiyata tana goye. Kullum takan kama haɓata in ina magana, na ɗauka wasan kaka da jika ne. Ashe ba ta taɓa jin muryata ba.

Da na durƙusa gabanta na maimaita, ta ce ita ta yi waƙar, shekarar da ta daina jin ladan. "Wurin da ni ka yankewa ɗin nan, Maigida, nan ni ka tsayawa in saurara, ko Allah Ya sa in jiya."

Yanzu ni ke koyar da waƙa, ɗalibaina kuma a waya suke sauraro, suna tsallake abin da ya yi musu tsawo. Inna ta rasu ba wanda ya naɗi muryarta. Abin da ke damuna har yau shi ne yawan maganar da na yi mata ina tsaye a bayanta.