Mahaifar Lambobi

Jiya ina awon ciki a Malbaza na ji likita ya ce "matiris", sai marigayi malaminmu na lissafi a lakwal ɗin Ƙonni ya faɗo mini a rai.

Ran da ya jera lambobi layi-layi a allo ya kira su matiris, na ɗaga hannu na ce innata ungozoma ce, a wurinsu mahaifa ke nan. Aji ya fashe da dariya, na ji kamar in nutse. Shi ko ya kakkaɓe alli daga rigarsa, baki ja da goro, ya ce, "Ɗiyata ta yi gaskiya. Wagga ma ciki gare ta, amsa za ta haifa."

Ban ƙara jin kunyar ɗaga hannu ba.

Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasa ta riƙe shi kamar cikin uwa.