Koren Kakin Audu Nguru

Liman na sallame sallar asuba muka nufi tashar jirgin ƙasa ta Kano, ni da wani abokina da ya yi yaƙin Bama, can ƙetaren teku. Ni ban yi soja ba. Na je shiga, mai awon ƙirji ya zagaya ni da igiyarsa ya ce in koma gida in ƙara cin tuwo. Sai na ƙare a tela a bakin bariki, kuma tun da aka gama yaƙi nake tara kayan soja: jar dara, naɗin ƙafa, gorar ruwa, maɓallan tagulla. Maiɗakina ta ce ɗakin warin bariki yake, ni kuwa wannan warin ne ke tuna mini da samarin da na yi wa ɗinki suka tafi.

Abin da na fi ji da shi wata koriyar riga ce da na saya wajen ɗan gwanjo. Igiya biyu ce a hannunta, ta kofur ke nan, ga tambarin gizo-gizo na rundunarsu a kafaɗa, a cikin wuya kuma an rubuta Audu Nguru. Ita na naɗe a jaka. Niyyata in samo mai ita in ji labarinta, in dawo da abata.

Jirgin Nguru ba ya gaggawa. Kowace tasha sai ya tsaya kamar mai gaishe-gaishen Sallah. A Ringim muka sayi dafaffen ƙwan zabi, a Malam Madori aka cika mana ƙwarya da fura da nono a kan kwabo, har abokina ya ce da haka Kano take da ya ƙara aure. Daga Birniwa ƙasa ta koma rairayi, itatuwa suka yi gajeru, goriba ta yawaita.

Nguru nan ne ƙarshen dogo. Buhunan gyaɗa da na ƙaro jibge a tasha, raƙuma sun durƙusa da kanwa, ƙamshin banda ya cika gari. Ko'ina ka juya Barebari na ce maka "wushe", wato sannu, Kanawa 'yan uwana kuma sun kama rumfuna sai ka ce da su aka kafa garin. Muka yini muna tambayar gidan su Audu Nguru, mutane na dubanmu da tausayi. Wani mai sayar da goro ya ce in Audu muke so zai tara mana cikin masallaci guda.

Wani tsohon soja mai gadin kanti ne ya warware mana. Ya yi dariya har da tari, ya ce a soja inda ka hau jirgi nan ne garinku, in kuma sunanka ya yi wa malamin rubutu nauyi a baki, sai ya raɗa maka Audu. Ya juya rigar, ya duba igiyoyin, ya ce kofur ɗaya ya sani cikin 'yan gizo-gizo da wannan suna, wani masunci ne Bade daga wajen Gashuwa. Abokina ya sunkuyar da kai, don shi ma ya san haka, ya bar ni ina ta yawo a rana.

Washegari muka hau wata tsohuwar motar kaya. Rabin tafiyar mu muka ɗauki motar, don duk inda ta kafe a rairayi sai a sauka a shimfiɗa mata kaba a tura. Amma da muka hango kogin Gashuwa, ga balbelu da agwagin ruwa, ga mata na shanya kifi, gajiya ta tafi. Na ci tarwaɗa da miyar kuka da har yau nake tunawa.

A bakin kogi muka yi tambaya. Sunan Audu bai yi aiki ba, amma da muka ce wanda ya je Bama, sai mazan da ke zaune ƙarƙashin tsamiya suka kwashe da dariya. Suka ce ai Sojan Baka muke nufi. Duk wanda ya je yaƙi ya dawo da kaki da lambar yabo, shi kuwa da 'yar shara ya dawo, yana cewa an sace masa buhu a jirgi yana barci. Wasu ma sun ce kurkuku ya yi a Kurmi, can kudu, ya zo yana yi musu tatsuniya.

Yana can gefe shi kaɗai yana gyaran koma, dogo, siriri, furfura ta soma. Na tsaya na dafe jakata. Na gane in na buɗe jakar nan rigata ta tafi, in na yi shiru kuma ba wanda zai sani. Ba zan ɓoye ba, na yi ta jan ƙafa, sai da abokina ya zungure ni.

Na yi sallama na ce, "Sannu da aiki, Kofur."

Hannunsa ya tsaya a kan komar. Ya dube ni ya ga ko ba'a nake yi. Na tambaye shi ko zai iya gane rigarsa, ban fito da ita ba tukuna.

Ya ce, "Malam, kafaɗar hagu akwai huda. Ni na ɗinke ta da zaren laimar jirgin sama, fari ne, don ba kore a daji. Ɗinkin ba kyau."

Ni tela ne, na daɗe ina zagin wannan ɗinki. Na warware rigar a gaban mutanen tsamiya, waɗanda suka riga suka taso. Ya zame 'yar shararsa, ga tabo a kafaɗa daidai inda farin zaren yake. Ya sa rigar, ta yi masa yawa, ya ɓalla maɓallan har wuya. Abokina ya ƙame ya sara masa. Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya cire hula ya yi magana da Badanci, aka ce mini gafara yake nema.

Kofur ya juyo wajena. Ya shafa igiyoyin nan biyu, ya ce da ni, "Da ka zo bara, Malam, da tsohuwata ta gani. Ita ma kafin ta rasu ta daina tambayata."

Ya yi mana rakiya har mota cikin rigar, da ƙunshin busasshen kifi da ya rantse sai mun karɓa. Muka kwana Nguru, jirgi ya dawo da mu Kano a kan jinkirinsa. Na yi kewar rigar, har yanzu ina yi. Amma tafiyar ta koya mini cewa kayan da nake taƙama da su na wasu ne, kuma ban taɓa tambayar yadda suka rabu da masu su ba. Da na huta na zauna na bi wuyan sauran rigunan ɗaya bayan ɗaya. Akwai Musa Bauci, akwai Garba Yola, akwai wani Audu kuma. Ban san wanda ake yi wa dariya a cikinsu ba.