Babban Yatsa a Cikin Tiya

Har yau ranar da aka sauke Malam Mutari daga kan kabu-kabu, wato babur ɗin haya, a ƙofar asibitinmu na Dungas ba ta fita raina ba. Daminar bara waccan ce, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana gadaje har sai an shimfiɗa tabarmi a baranda. Ni ne majo na ɗakin maza, wato shugaban ma'aikatan jinya na ɗakin.

Tsoho ne, ya rame ƙwarai. Mai kabu-kabun ya ce maƙwabta ne suka ɗora masa shi daga wani ƙauye kusa da Dantchiao. Matarsa ta rasu, ɗansa tilo kuma yana Aljeriya wajen nema. Na tambaye shi sunansa, sai ya ɗaga ido sama kafin ya amsa. Nan take na gane shi. Ɗan Tiya ne.

Ku yaran yanzu ba ku san shi ba, kun saba da shirmen waya, inda mutum zai faɗi cikin kwata a ce an yi barkwanci. Muna yara tele, wato talabijin, guda ce a unguwarmu, a dandali ake ajiye ta. Akwai wani wasan ban dariya da Malam Mutari ke fitowa a matsayin Ɗan Tiya, mai awon hatsi da ke riƙon marayun ƙanensa. In zai auna musu gero, sai ya nutsa babban yatsansa cikin tiya don ya rage awo, idonsa na sama, bakinsa na salati. Mu yi ta dariya har da hawaye. Sai a nuna ƙaramar marainiyar tana leƙa ƙwaryarta. Dariyar sai ta mutu da kanta. Babu wanda ke fitowa ya yi mana wa'azi, wanda ya tsara wasan ya san mun gane. Ni dai ban sake ganin wasa irinsa ba.

Ga yadda aikinmu yake, don wanda bai sani ba. Asibiti na ba da gado da magani, amma abinci da wanki da tayar da maras lafiya aikin mai jinya ne, wato ɗan'uwan da ke zaune da shi. In aka kawo wanda ba shi da kowa, sauran masu jinya kan haɗa masa, wannan ludayin kunu, waccan ɗan tuwo. Ba doka ce ta sa su ba, haka muka tarar.

A lokacin, mai tsara wannan taimako ita ce Barira, wata mata 'yar Kwaya da ta daɗe tana jinyar mijinta mai ciwon ƙafa. Mace ce mai hannu sake, kuma in ta yi magana sauran mata na bi. Ta ɗauko kofin kunu ta nufi gadon tsohon, ta kalli fuskarsa, sai ta tsaya cik. Ta juya da kofinta. Daga ranar babu wadda ta ƙara kusantar gadon.

Nakan kawo masa abinci daga gida, amma ba ya iya riƙe cokali. Sai an zauna an ba shi kaɗan-kaɗan, wuni guda, ni kuwa ga ɗaki cike. In ya sha magani ciki wayam sai ya amayar. Lokotoro, wato likitanmu, ya kira ni gefe ya ce, “Majo, ƙarin ruwa kaɗai ba zai riƙe tsohon nan ba. In ba a samu mai ciyar da shi ba, ka san sauran.”

Raina ya ɓaci. Na samu Barira tana wanki a bakin famfo.

Na ce, “Haba Yaya Barira, wasa ne fa. Mutum zai mutu da yunwa saboda wasan tele?”

Ta matse zanen da ke hannunta, ta ce, “Majo, ni ba yarinya ba ce. Na san wasa ne. Zo mu je gabansa, ba na maganar mutum a bayan idonsa.”

Muka shiga. Ta tsaya a ƙafar gadon.

Ta ce, “Baba, ni marainiya ce. Baffana ne ya riƙe mu. Yadda kake sa yatsan nan, da ɗaga idon, da salatin, wallahi haka yake yi mana, ko ɗigo ba ka rage ba. Kowa na dariya a dandali, ni ina kuka. Na ce a raina, mutum ba ya iya abu haka sai yana cikin jininsa.”

Malam Mutari ya ja numfashi da ƙyar. Sannan ya ce, “'Yata, kin yi gaskiya, ba ƙirƙira na yi ba. A takardar wasan an rubuta yana tauye awo, shi ke nan. Yatsan ni na kawo shi.” Ya huta. “Ina shekara bakwai ubana ya rasu. Ni ke riƙe ƙwarya in kawuna zai auna mana. Mai riƙe ƙwarya ai shi ke ganin yatsa.”

Barira ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, ta fita. Ni kaina na rasa inda zan sa idona, na yi kamar ina duba robar ƙarin ruwa.

Jim kaɗan sai ga ta da kunun tsamiya mai ɗumi. Ta zauna a bakin gadon, ta tallabo kansa. Ta cika ludayi har yana zuba, ta ɗaga babban yatsanta sama yadda zai gani, ta ce, “Duba da kyau, Baba. Babu yatsa.”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Mazan ɗakin ma suka yi, wasu na share ido.

Daga nan ita ta ɗauki jinyarsa, ta haɗa da ta mijinta. Da rana in ya ɗan samu ƙarfi, takan sa shi ya ba su labarin yadda suke shirya wasa a da, yadda sukan maimaita fitowa ɗaya har rana ta faɗi don kalma guda ba ta zauna daidai ba. Amma ciwon ya riga ya ci jikinsa. Bai kai ƙarshen watan ba, ya cika da hantsi, Barira na yi masa fifita. Mazan da ke jinya a ɗakin su suka yi masa wanka, suka raka shi.

Abin da na koya shi ne, mu ma'aikatan jinya muna auna zafin jiki, muna duba jini, amma ba mu san abin da mutum ya ɗauko tun yarinta ya shigo mana da shi ɗaki ba, ko maras lafiya ko mai jinya. Na ɗauka Barira ba ta fahimci wasan ba ne, ashe duk cikinmu ita ta fi ganinsa. Shekara da shekaru ina yabon Malam Mutari a kan ya iya kwaikwayon azzalumi, ban taɓa tambayar kaina a ina ya tsaya ya kalle shi ba.