Sojojin Norris Tansley Masu Jar Riga

Duk wanda ya taɓa zama a ƙungiyarmu da buroshi a hannu ya sha wa'azin Norris Tansley, kuma ba sai ya tambaya ba. Kana cikin shafa wa ɗan sojanka fenti sai ka ji numfashi mai ƙamshin alewar minti a ƙeyarka, sannan murya ta biyo baya: "Ya yi kauri, ɗan'uwa. Sirka shi da ruwa. Shafi biyu marasa kauri ake yi, ba yaɓen bango aka sa ka ba."

Mu goma sha huɗu ne, muna haɗuwa duk Alhamis da rana a zauren wata coci a Beeston, nan gefen birnin Nottingham a Ingila. Mu haɗa tebura, mu shimfiɗa koren ƙyalle, mu jera sojojin darma da tsayinsu bai kai ɗan yatsa ba, mu yi ta gwabza yaƙi da 'yan ludo da tef ɗin awo har ruwan shayi ya ƙare. Ni ce Doreen, makullin zauren da na kabad ɗin shayi suna hannuna shekara ashirin da biyu, saboda haka babu sirrin kowa da ban sani ba. Dokarmu ɗaya ce wadda ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta: sojan da ba a gama masa fenti ba, ba ya hawa tebur.

Norris ya yi shekara talatin da ɗaya a masana'antar kekuna, shi ne mai ja wa keke siririn layin nan na ruwan zinare da hannu. An daɗe da sallamar ma'aikatan, amma hannunsa bai samu labari ba. In zai yi fenti sai ya ɗiga shi a tsohon faranti, ya ƙara ruwa, ya gwada a bayan babban yatsansa. In fentin ya rufe zanen fata, ya yi kauri. Shafin farko kullum dabbare-dabbare yake fitowa, to a nan ne mutane suke ruɗewa su koma kansa tun bai bushe ba, su yayyage shi. Norris kuwa sai ya naɗe hannu ya jira. Yana lasar bakin buroshi don ya yi tsini, shi ya sa leɓensa bai taɓa zama launi ɗaya ba. Kofi biyu yake ajiyewa a gabansa, na shayi da na wanke buroshi, kuma sau uku a idona yana kurɓar na buroshin. Ko sau ɗaya bai yarda ya yi kuskure ba, sai dai ya ce madarar yau ta juya.

Gaskiya ya iya. Sojan da ya fito daga hannunsa sumul yake, ka juya shi ta ko'ina ba za ka ga sawun buroshi ba. Matsalar ita ce sojojin ba sa fitowa. Shekara goma sha shida da suka wuce ya sayi guda ɗari da ashirin, masu jar riga, kuma ja shi ne fentin da ya fi kowanne taurin kai, sai an yi masa shafi shida ko bakwai kafin ya rufe. Ya gama soja, ya sa shi ƙarƙashin gilashin ƙara girma, ya hango wani ɗan layi da ko ƙuda ba zai gani ba, sai ya jefa shi cikin kwalbar maganin wanke banɗaki. Kwana biyu fentin ya saki, ya dirje shi da tsohon buroshin haƙori, a koma farko. Akwai wani ɗan makaɗin ganga da aka yi wa wannan wankan sau goma sha ɗaya, har na fara jin tausayinsa.

Wanda ake yi dominsa kuwa shi ne Cedric Oldknow, tsohon mahauci, abokin Norris tun suna 'yan firamare. Rana ɗaya suka sayi sojojinsu, Cedric ya ɗauki masu shuɗiyar riga, suka yi alkawarin za su kara da zarar an gama fenti. Cedric ya gama nasa a mako biyu. Daga kwalba kai tsaye yake dumbuzo fenti ya maka, ruwa ko ɗigo. Fuskokin sojojinsa duk gudaji ne, wani hancinsa ya nutse, wani hularsa ta haɗe da kafaɗarsa.

"Waɗannan ba sojoji ba ne," in ji Norris, "dankali ne ya sa kaki."

"Dankalin nan ya ci yaƙi arba'in," Cedric zai ce. "Naka fa? Kullum suna wanka. Ko aure za ka yi musu?"

"Ana shafi na biyar."

"Bara ma ana shafi na biyar, tsohon banza."

Haka muke sha duk Alhamis, har shekarar da idon Cedric ya fara mutuwa. Da farko tef ɗin awo ne ya gagare shi karantawa, daga baya fuskokinmu. Bai daina zuwa ba. Sai muka lura da yatsa yake yaƙinsa. Ya shafa soja ya ce, "Wannan kyaftin ne, ga ƙullutun nan a hularsa. Wannan kuma mai tuta ne, shi ne fenti ya zubo masa a baya." Kowane gudaji da Norris ya shekara yana zagi, Cedric ya san shi kamar sunan jikansa.

A watan Janairu ya faɗa mana, yana tsoma biskit a shayi kamar ba komai ba, cewa 'yarsa za ta ɗauke shi ya koma wurinta can garin Skegness ƙarshen Afrilu. Na dubi Norris, na ga yana juya ɗan makaɗin nan nasa a ƙarƙashin gilashi, kwalbar wanka a buɗe kusa da gwiwar hannunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Alhamis goma sha huɗu suka rage wa alkawarin shekara goma sha shida, shi kuma yana neman layi.

Daga ranar na zama ɓarauniya. Duk sojan da Norris ya ajiye ya bushe, da ya juya baya sai in sunkuce shi in jefa a gwangwanin biskit, in kulle a kabad. Makon farko biyar, na biyu tara. Ya zargi ɓeraye. Ya zargi matan da ke rawar motsa jiki a zauren ranar Laraba. Har limamin cocin ya bi da wani irin kallo. Da ya ga rundunarsa na ƙarewa sai ya shiga kawo gamammu daga gida wai don ya riƙa ƙirga su a gabansa, ni kuwa abin nema ya samu.

Ranar da ya kama ni, hannuna dumu-dumu cikin akwatinsa, sai ya ce, "Doreen! Ke ce? Mace da girmanki?"

"Ni ce. Tamanin da uku suna wurina, kuma babu wanda zai ƙara shiga kwalbar nan in ina numfashi. Ka gama sauran in ba ka su."

"Akwai mai sawun buroshi a hannun riga a cikinsu."

"Ya mutu da shi a fagen fama, ai soja ne."

Ya yi ta ƙunƙuni, amma ya zauna ya gama. Saura mako guda Cedric ya tafi, muka jera ɗari da ashirin cif a kan koren ƙyalle. Ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a zauren ba, jan nan lumui kamar a jikinsu aka halicce shi. Kowa ya taso yana kallo. Norris ya kamo hannun Cedric ya kai shi bakin tebur, yana ta gyaran murya irin ta mai jiran yabo.

Cedric ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa su, ya ɗago. Ya ɗauki ɗaya ya shafa, ya ajiye, ya ɗauki wani.

"Ja dai na gani, kamar an zubar da miya," ya ce. "Wanne ne kyaftin ɗin?"

"Ga shi a hannunka."

"To wancan na farkon fa?"

"Kurtu ne."

Cedric ya sake shafa su biyun, ya yi 'yar dariya. "Duk ɗaya nake ji, Norris. Santsi kawai, kamar ƙwai. An ce sun yi kyau, na kuwa yarda. Sai dai ka riƙa faɗa mini wanda nake harbi."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Norris ya miƙe. Ya kwashe sojojinsa ɗaya bayan ɗaya ya jera a akwati, ya sa hularsa ya fita, ko shayinsa bai shanye ba. Na duba wurin da yake zama, babu kwalbar wankan. Duk makon nan ban samu sukuni ba. Na buga masa waya sau huɗu bai ɗauka ba, na ce shi ke nan, na jawo an yi wa runduna guda wanka.

Alhamis ta ƙarshe ya shigo a makare, leɓensa ja wur. Ya ajiye akwatin a tebur ya buɗe, wanda ke kusa da shi ya ce, "Kai! Norris, wa ya yi maka wannan ɓarna?"

Na leƙa. Kyaftin na ɗauke da ƙullutu uku na fenti a bayansa, manya, a jere. Masu tuta kowa da kauri guda a kan hula. Sahun farko an ja musu tudu a kafaɗar dama, sahu na biyu a ta hagu, mahaya dawakai an dangwala wa dawakansu a gindi. Ɗan makaɗin nan mai wanka goma sha ɗaya an maka masa fenti a ganga har ta kumbura. Daga kwalba kai tsaye aka ɗebo, babu ɗigon ruwa, a kan shafi bakwai na shekara goma sha shida. Kuma ko a ɓarnar ma sai da halinsa ya fito, don ƙullutun nan duk girmansu ɗaya.

"Ina makahon nan?" in ji Norris. "Zo ka duba abokan gaba, kada ka ce an cuce ka."

Cedric ya matso ya miƙa hannu. Yatsansa ya bi sahun farko a hankali, ya tsallaka na biyu, ya tsaya a kan ƙullutu ukun nan ya daɗe. "Kyaftin," ya ce. Ya matsa gaba. "Mai tuta. Wannan kuma ɗan gangar nan ne da Doreen ke yi wa kuka." Bai kuskure ko ɗaya ba. Ni dai na juya na shiga goge kofunan da na riga na goge, don idona ya cika.

Cedric ya ɗauki kyaftin ɗin ya juya shi a tafin hannunsa, ya murtuke fuska, ya matso daidai ƙeyar Norris.

"Ya yi kauri, ɗan'uwa," ya ce. "Sirka shi da ruwa."

Awa uku suka yi suna gwabzawa, shayi ya huce babu wanda ya kula. Cedric ya karkashe jajayen nan tas, kuma duk wanda zai harba sai ya shafa shi ya kira muƙaminsa tukuna. Da aka tashi ya zura kyaftin ɗin a aljihun rigarsa ya ce fursunan yaƙi ne, Skegness za shi.

Norris na nan har yau, yana hura wa sababbin shiga minti a ƙeya. Sojojinsa ɗari da goma sha tara suna hawa tebur duk Alhamis da ƙullutunsu, ba su da kyaftin. Na taɓa ce masa ya sayi wani ya yi masa fenti, ya ce nasa yana bakin aiki.