Mairamu Ta Waiwaya

Idan ka shiga layin masu kifi banda a kasuwar Garwa ka ga wata gajerar mata, kanta a ɗan karkace, tana tafiya tana waiwaye duk bayan taku biyar, to Mairamu ce. 'Yan moto, wato masu acaɓa, suna yi mata dariya, wai kamar wadda ta saci akuyar mutane. Duk wanda na ji da kunnena sai na wanke shi tas, don ban iya haɗiye magana ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna rumfa ɗaya, ni Nafisatu da barkonona da daddawa, ita da kifinta. Ni Musulma ce, ita Kirista, kuma ban taɓa ganin mai tsoron Allah irinta ba, ko mai saurin ɗaga sanda.

A Gider aka haife ta. Marie aka sa mata a coci, masu sayen kifi suka mayar da ita Mairamu. Ta auri wani masunci mai suna Georges, ya kai ta wani ƙauye a bakin dam ɗin Lagdo, inda ta koyi fafe kifi da banda shi. Ɗansu na fari namiji ne, Zacharie, mu dai Zakari muke ce masa.

Yaro ya kai shekara uku bai ce uffan ba. Ba ya kallon idon mutum, ba ya son a taɓa shi, in an kira sunansa kamar da bango ake yi. Aikinsa jera ƙashin kifi a ƙasa, babba zuwa ƙarami, in ka ture ɗaya sai ya yi ta buga kansa. Yana son zama bakin ruwa yana kaɗa hannuwa. Kuma yana da wani guɗa-guɗa da yake yi a maƙogwaro, bakinsa a rufe. Duk waƙar da ya ji a coci sau ɗaya, zai mayar maka da muryarta ba kuskure. In hankalinsa a kwance yake, muryar tana ƙasa. In baƙo ya matso ta bayansa, sai ta haura sama ta yi siriri. Uwarsa kaɗai ta lura da wannan.

Mutanen ƙauyen ba su tsaya dogon tunani ba. Suka ce ai ɗan ruwa ne, wato ba mutum ba ne, aljanin kogi ne ya shiga cikin mace ya fito da siffar jariri. Mutum ɗaya ya ƙi yarda, tsoho Barthélemy, katikis, wato mai koyar da addini a ƙaramin cocinsu. Ya kan zaunar da yaron kusa da shi ya ce wa Mairamu, "Ma fille, 'yata, Ubangiji ba ya kuskuren hannu. Wannan yaron yana addu'a fiye da ni, ni da baki nake yi, shi da dukan jikinsa." Amma tsohon ba shi da haƙori ba shi da murya, wa zai saurare shi?

Wanda aka saurara shi ne wani Fasto Philippe, da ya kafa rumfar kwano yana ihu da lasifika yana cewa yana fitar da aljanu. Georges ya ja yaron can yana ɗan shekara biyar. Aka ɗaure shi a jikin turke, aka ce zai yi azumin kwana uku. Mairamu ta gaya mini da bakinta cewa ranar farko ta yarda, har ta taya su waƙa, kuma wannan ranar ce ba ta yafe wa kanta ba har gobe. Rana ta biyu ta kawo ruwa a ɓoye, ta tarar faston ya ɗauko dorina. Yana tsula wa yaron yana cewa, "Fita! Faɗi sunanka!" Yaron da bai taɓa faɗin sunan uwarsa ba. Bayansa ya tsage, jini na bin igiya. Ta ɗaga bencin da mata ke zama a kai, ta sauke shi a gadon bayan bawan Allahn nan, ya kife. Mataimakansa suka taso mata, ta ciji ɗaya a kunne har sai da ta ji gishirin jini. Ta yanke igiyar da wuƙar kifinta ta goya ɗanta. Ni da na ji wannan na ce mata benci ɗaya ya yi kaɗan. Kuma kada wani nawa ya yi murmushi, na san malamai a garin nan da ke yin irin wannan da bulala da hayaƙin barkono.

Shekara ta zagayo, Barthélemy ya rasu. Ruwa ya ja baya, kifi ya yi wuya, sannan kwale-kwale ya kife da ƙanen Georges, aka tsamo gawarsa bayan kwana biyu. Dangi suka taru suka ce kogi na neman ɗansa, in ba a mayar ba zai ci gaba da ɗiba. Mairamu ta ce ba za ta ba da shi ba. Georges ya rufe ɗaki ya yi mata dukan da ya fasa mata leɓe, ƙannensa mata na riƙe da ƙafafunta. Kwana huɗu ana haka. A rana ta biyar uwar mijin ta zauna gabanta ta yi mata magana a hankali, kuma wannan ya fi dukan aiki.

"'Yata, ba wanda zai taɓa shi. Ki ajiye shi a kan yashi ki tafi. In mutum ne, za ki dawo ki same shi, mu ji kunya mu ba ki haƙuri. In kuwa na ruwa ne, zai zama maciji ya koma gida. Me kike tsoro in kin tabbata?"

Mairamu ta tabbata, shi ya sa ta yarda.

Ga yadda ake yin abin. Akwai wani tsoho da ake kira daga wani ƙauye, aikinsa ke nan. Uwa ce da kanta za ta ɗauki yaron zuwa inda ba jama'a, a ajiye masa ƙwai da garin dawa a ƙwarya. Sai ta juya ta tafi, dangi na jiran ta can nesa bayan tudu. Sharaɗi ɗaya ne, kada ta waiwaya. Wai wadda ta ga ɗanta yana rikiɗa za ta haukace, ko macijin ya ja ta. Tsohon shi kaɗai zai tsaya ya raka baƙon, wato yaron. Ba a taɓa dawowa an sami yaro ba, kowa kuma ya ɗauki wannan a matsayin shaida.

Da hantsi suka je. Ta zaunar da Zakari, shi kuwa ya sami tsakuwoyi ya fara jerawa, yana guɗa waƙar da ake yi a coci lokacin karɓar Jibin Ubangiji. Ta juya. Tana tafiya tana jin muryar a bayanta, ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Taku goma, taku ashirin. Sai muryar ta haura ta yi siriri.

Ta ce mini ba tunani ta yi ba. Ta dai san wani ya matso ta bayan ɗanta, kuma maciji mai komawa gida ba ya jin tsoro. Ta waiwaya.

Tsohon yana tsaye a kan yaron, ya ɗaga filafilin kwale-kwale da hannu biyu, yana auna ƙeya. A gefensa ga buhu da dutse da igiya.

Ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba, ta faɗa kan yaron daidai lokacin da itacen ya sauko. Ya same ta a gefen kai, saman kunnen hagu, ta ji wani abu ya fashe a ciki. Tsohon ya sake ɗagawa ya sauke mata a ɗaya gefen. Ta zaro wuƙar da ke ƙugunta ta luma masa a cinya, ta murɗa, ta ja ƙasa yadda take fafe babban kifi. Ya faɗi yana kururuwa, yashi ya yi ja. Dangi suka ji ihu suka sheƙo, amma da suka hango ta tsaye jina-jina, wuƙa a hannu, ɗa a ƙafa, sai suka ja birki. Georges ya yi taku biyu, ta nuna shi da wuƙar, ya tsaya. Ba wanda ya kalli buhun. Ta ce sun gan shi sarai, suka kau da kai.

Ta goya Zakari ta bi gona har bakin titi. Mijina Wada mahauci ne, ranar yana dawowa a motar shanu, shi ya ce wa direba ya tsaya. Haka aka kawo mini ita, rabin fuskarta a kumbure, ɗanta na ta buga kansa a bayanta. A asibiti aka ce kunnen hagu ya mutu, na dama kuma ya ɗan rage, shi ma cikin shekara biyu ya tafi. A can ne wata likita ta duba yaron ta ce abin da ke gare shi sunansa otizim, yara da yawa na da shi har a ƙasar Turawa, ba ruwansa da kogi. Da jandarma suka je ƙauyen, kowa ya rantse cewa daga kwale-kwale ta faɗo.

Yanzu Zakari na da shekara goma sha bakwai, ya fi ni tsawo, har yau bai yi magana ba. A cocinsu na nan Garwa shi ke ba mawaƙa murya kafin su fara, kuma in mai kiɗa ya kauce sai ya toshe kunne har a gyara. Da labari ya bazu sai ga wasu suna cewa annabi ne, suna rububin shafa kansa don neman albarka, yaro na ihu. Mairamu ta bi su da sandar juya kifi har bakin ƙofa. Ta ce mini, da ƙarfi irin na kurame, "Adda, jiya maciji, yau annabi! Ɗana ne, Ubangiji ya ba shi kunne, a bar shi ya ci abincinsa." Ita yanzu ba ta jin waƙar da ake yabo. Takan zauna a bayansa ta kalli kafaɗunsa, ta haka take gane ko lafiya.

Watan jiya wata tsohuwa ta zo rumfarmu daga wajen Lagdo, ba ta sayi komai ba. Ta daɗe tana kallon Zakari yana jera kifi a faranti. Da yake ni ce kunnen Mairamu, ni ta yi wa magana. Ta ce shekara ashirin da suka wuce ita ma ta kai 'yarta bakin ruwan nan, kuma ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Don Allah ki tambaye ta, tawa dai ta koma gida, ko?"

Raina ya ɓaci. Mairamu ta kalle ni, ta kalli matar, ba ta jira na yi mata alama ba. Ta zame ɗankwalinta, ta kamo hannun tsohuwar ta ɗora a saman kunnenta na hagu, inda ƙashin ya lotsa har yatsa biyu ke shiga. Ta riƙe shi a nan.

Matar ta zube a ƙasa tana ihu tana marin fuskarta, kasuwa ta taru. Zakari ya toshe kunnuwansa, muryarsa ta haura ta yi siriri. Mairamu ta bar matar a hannuna, ta je ta tsaya a bayan ɗanta.