Sunan da Faransawa Suka Liƙa wa Yayana

Jiya rediyon jikana ya ambaci wani mutum wai shi Rene. Jikan nawa ya ce sunan da daɗin faɗi. Na ce ya kashe abin nan kafin in jefa shi rijiya.

Ku saurara. Ina 'yar ƙarama a ƙauyenmu na gefen Bungudu, yayana ya kora jakunan Baba arewa neman kanwa. Can bayan Maraɗi Faransawa suka kama shi ɗaukar kaya. Damuna ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, Inna tana ajiye masa tuwo har ya yi tsami.

Da kaka ya dawo, ana sussukar gero, da jar hula da kafaɗu duk kanta. Baba ya kira sunansa, bai waiwaya ba. Wai yanzu shi Rene ne. Wai zazzaɓi ya kusa kashe shi, da ya tashi sai Baturensa ya raɗa masa sunan. Tsohon suna ne a wurinsu, in ji shi, daga harshen Rumawa suka gaje shi, ma'anarsa wanda aka sake haihuwa.

Sake haihuwa! Wa ya yi naƙudar? Ina ragon, ina wanzamin? Mutumin da ya ɗora maka kaya kamar jaki shi ne zai zama uwarka?

Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Ranar nan ta aje taɓarya, ta tsaya tsakar masussuka, gaban surukanta, ta kira shi da sunan yanka.

"Sau ɗaya na haife ka," ta ce, "kuma ban ba kowa aro ba."

Ya durƙusa cikin ƙaiƙayi. "Na'am, Inna."

Ta karɓo ɗanta, amma da kunyarta ta biya. Har ta koma ga Allah, in an je biki Tsafe ko Gusau, mata na zunɗenta: ga wadda ta kira ɗan fari.

Yau yara na tsintar suna kamar gyaɗa a kasuwa. Jikana ya tambaye ni sunan Yaya na gaskiya. Ban faɗa ba. Inna ta biya shi da tsada, ba zan bayar da shi ga mai jin daɗin Rene ba.